Shin Bugun Musamman na Tsofaffin Fina-finan Barkwanci Ya Ci Kuɗinsa?

Wani ɗan'uwa ya aiko mini da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake son fina-finan Charlie Chaplin da na Laurel da Hardy, yanzu da ya ɗan samu sarari yana so ya fara tara su. Ya ga wani kwali na irin bugun da ake yi domin masu tarawa, kuɗinsa ya ninka na faifan kasuwa mai fim ashirin a ciki ninkin-ba-ninkin, ga shi kuma yawancin fina-finan suna nan kyauta a YouTube. Yana so ya sani, akwai bambanci na gaske ko kwali kawai ake sayar wa mutane? In kuma zai saya, me zai duba?

Malam, akwai bambanci, kuma a fim ɗin barkwanci ya fi yin nauyi a kan kowane irin fim. Sai dai ba kowane kwali mai ƙyalli ne yake ɗauke da wannan bambanci ba. Na daɗe ina aikin tace bidiyo, na kuma daɗe ina tara waɗannan faya-fayai, kuma abin da na gane shi ne kuɗin mutum ya kamata ya tafi kan abin da aka ɗora a faifan: daga ina aka samo hoton, da wane gudu aka sa shi, wane kiɗa aka bi shi da shi, kuma wace siga ta fim ɗin aka ba ka. Gwangwani da katuna da ɗan littafi duk ado ne, a bayan waɗancan suke.

Mu fara da inda hoton ya fito. Har zuwa wajen 1951 ana ɗaukar fim ne a kan zaren naitiret, abin da yake kama wuta kamar fetur, in kuma bai ƙone ba ya ruɓe a cikin gwangwaninsa, ya yi danƙo, daga baya ya zama gari. A 1937 rumbun ajiyar kamfanin Fox da ke jihar New Jersey ya ƙone, a 1965 na MGM ya bi bayansa. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun salwanta gaba ɗaya, kashi 14 ne kawai suka rage a ainihin sigarsu. To waɗanda suka tsira ɗin ma, da yawa ta hannun 'yan kwafi suka iso mana. An juya daga babban zare mai milimita 35 zuwa ƙarami mai milimita 16, daga nan wani ya sake juya nasa, aka zo zamanin kaset aka ɗora, daga kaset aka kai faifai, sannan aka matse fim ashirin a faifai ɗaya. Kowace juyawa da abin da take cinyewa. Fari ya ƙara fari, baƙi ya ƙara baƙi, abin da ke tsakani ya ɓace. Shi ya sa a faifan kasuwa za ka ga fuskar Chaplin kamar dunƙulen alli da ɗigo uku, gashin baki da idanu biyu. Buster Keaton kuwa abin ya fi cutar da shi, domin shi mutum ne da ba ya murmushi a fim, dukkan wasansa a ƙwayar ido yake. In hoton ya yi dishi-dishi har ba ka ganin inda idonsa ya karkata, rabin dariyar ta tafi kuma ba za ka taɓa sanin ta tafi ba.

Bugu mai kyau daga gidajen adana fina-finai yake fitowa. Akwai Cineteca di Bologna a Italiya da ɗakin gyaranta mai suna L'Immagine Ritrovata, wanda ya yi aikin farfaɗo da fina-finan Chaplin da na Keaton. Akwai Lobster Films a Faransa, da BFI, cibiyar fina-finai ta Birtaniya, a Ingila, da rumbun fina-finai na jami'ar UCLA a Amurka wanda ya ɗauki aikin Laurel da Hardy. Yadda suke yi, sukan tattaro duk kwafin da ya rage a duniya, wani daga nan wani daga can, su gwada su hoto bayan hoto, su ɗauki yanki mafi kyau daga kowanne, su ɗauki hotonsa da na'ura a 2K ko 4K, wato matakan kaifin hoto, sannan su gyara tsaga da ƙarzuwa da rawar hoto. Haka aka yi wa gajerun fina-finan da Chaplin ya yi wa kamfanin Keystone a 1914, shekararsa ta farko a harkar, aka fitar da fiye da talatin a kwali ɗaya a 2010. Wanda ya san su a tsohuwar kamanninsu, ranar da ya ga wannan bugun sai ya rantse wasu fina-finan ne daban. Saboda haka juya kwalin ka karanta bayansa. In sun ambaci gidan da ya yi gyaran, da shekarar, da irin zaren da aka ɗauko hoton daga gare shi, ka kama hanya. In kuwa abin da aka rubuta kawai shi ne "digitally remastered", wato wai an gyara da kwamfuta, ba sunan kowa, wannan magana ba ta ɗaure kowa ba, mai juya kaset a ɗakinsa ma yana iya rubuta ta.

Na taɓa faɗawa wannan ramin. Na sayi wani gwangwani mai kyan gaske daga wani mai sayarwa a intanet, faifai biyar, da hoton Chaplin an buga shi da ruwan zinare. Da na sa na farko, hoton nan dai ne na kasuwa, an sare kawunan mutane, ga wani kiɗan fiyano guda ɗaya yana ta zagayowa, ko ana gudu ko ana kuka. Kyan ɗan maciji. Dalilin da ya sa irin wannan ya yi yawa shi ne a Amurka fim in ya cika shekara 95 haƙƙin mallakarsa ya faɗi, wasu ma sun faɗi tun kafin haka, don haka kowa yana iya buga su ya sa a gwangwani.

Batun gudu shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, kuma shi ya fi damuna. Tun da magana ta shigo fim aka tsayar da gudu ɗaya, hoto 24 a daƙiƙa guda, saboda sauti ba ya son sauyi. Kafin nan babu tsayayyen gudu. Da hannu ake murza kyamara, wani fim a 16, wani 18, wani 20 ko sama da haka, mai haska fim a silima shi ma yana da nasa hannun. In ka ɗauki fim ɗin da aka yi domin 18 ka sa shi a 24, ka ƙara masa gudu da kashi ɗaya cikin uku. Daga nan ne aka samo tunanin cewa mutanen dā a fim kamar kaji suke tafiya. Gaskiya ne masu barkwancin da kansu sukan rage murzawa da gangan a wurin guje-guje don abin ya fito da ɗan sauri, amma wannan auna shi suka yi, kamar gishiri a miya. Abin da ɗan kwafi ya yi kuwa juye kwanon gishirin ne gaba ɗaya.

Ka dubi wurin nan na Steamboat Bill, Jr. na 1928, inda guguwa ta tumɓuke fuskar gida sukutum ta faɗo kan Keaton yana tsaye ya ba ta baya, ya tsira domin tagar bene a buɗe take, ta nan ya fito. Bango ne na gaske mai nauyin gaske, tazarar da ke tsakaninsa da kafaɗunsa 'yan inci ce. A gudun da ya dace, kana ganin bangon ya fara rinjaya, cikinka ya ɗuri ruwa, ya faɗo, ƙura ta tashi, sannan Keaton ya ɗan tsaya cak, ya waiga. Wannan 'yar tsayuwar ita ce dariyar. Na gwada wa yarana duka biyun a dare ɗaya. A na kasuwa bangon ya faɗo fuu, kafin su ankara an wuce, babu wanda ya ce uffan. A gyararren, ƙaramar cikinsu sai da ta rufe ido da hannu, da ta buɗe ta ga yana nan tsaye, ta fashe da dariya har da faɗuwa daga kujera. Fim ɗaya ne, yara ɗaya, abin da ya sauya gudu ne da hasken hoto.

Jinkiri ma yana da tasa illar. A 1959 da Chaplin ya haɗa wasu tsofaffin fina-finansa uku a matsayin The Chaplin Revue, an maimaita wasu hotuna don a rage gudun ya dace da majigin zamani, sai motsin ya riƙa ɗan sarƙewa. Wannan ya nuna maka ko mai fim ɗin da kansa yana iya taɓa shi ya rage masa armashi. Akwai kuma wani ƙaramin sauri na kashi 4 cikin 100 da DVD na tsarin PAL, irin na Turai da namu, yake ƙara wa fim mai magana, domin shi hoto 25 yake tafiya a kai. Kunne mai kyau zai ji muryar Stan Laurel ta ɗan ƙara siranta. Blu-ray ya kawar da wannan a mafi yawan lokuta.

Faɗin hoto shi ma ka sa masa ido. Waɗannan fina-finai kusan murabba'i ne, huɗu bisa uku. A talabijin ɗin yanzu dole ka ga baƙin fili hagu da dama, kuma haka ya kamata. Duk bugun da ya cika allon, ko dai ya ja hoton har Laurel ya yi ƙiba kamar Hardy, ko ya yanke sama da ƙasa. Chaplin kuwa da ƙafa yake wasa, shi ya sa ya fi son kyamara ta ɗauke shi daga hula har takalmi. Haka nan ka guji wanda aka goge hotonsa fiye da kima. Zaren fim yana da ɗan tsaki-tsaki kamar yashi, jikinsa ne. In aka sa kwamfuta ta share shi tas, fuskoki su koma kamar na roba. Na masu launi da ake yaɗawa a intanet yanzu kuwa, da waɗanda aka cusa wa ƙarin hotuna don motsin ya yi santsi, ba na ba kowa shawarar ya fara sanin fim ta hanyarsu. Tun a shekarun 1980 aka shafa wa wasu na Laurel da Hardy launi, masu son su ba su taɓa amincewa da abin ba, domin haske da inuwa da kwalliyar fuska duk domin baƙi da fari aka tsara su.

Kiɗa ba sai na tsawaita ba. Fim marar magana ba a cika nuna shi shiru ba, galibi da mai fiyano ko ƙungiyar makaɗa. Bugu nagari zai faɗa maka sunan wanda ya tsara kiɗan domin wannan fim ɗin, irin su Carl Davis ko Timothy Brock ko Robert Israel, wani lokaci ma a ba ka biyu ka zaɓa. City Lights na 1931 da Modern Times na 1936 kuwa da kiɗansu suka fito daga hannun Chaplin, ba a sauya musu.

Yanzu ga wurin da mai tarawa na gaske yake bambanta da mai saye kawai: fim ɗaya yana iya zama da siga biyu, kuma kwali ba koyaushe yake faɗa ba. The Gold Rush ya fito a 1925 ba magana. A 1942 Chaplin ya sake fitar da shi, ya cire allunan rubutu, ya ɗora muryarsa yana ba da labari, ya sa kiɗa, ya kuma rage tsawonsa zuwa minti 72. Bai tsaya nan ba, ya taɓa labarin kansa. A na 1925 yarinyar da Chaplin yake so a fim ɗin ta rubuta wa wani saurayinta wasiƙar ban-haƙuri, shi kuma saurayin ya sa aka miƙa wa Chaplin, bawan Allah, don ya yi masa mugun wasa. A na 1942 an mai da wasiƙar kamar shi aka rubuta wa tun farko. Sumbar ƙarshe ma an cire ta. Ka ga na farko ya fi ɗaci, tausayin da kake ji wa mutumin ya fi zurfi, na biyu ya fi laushi. Ta 1942 ita Chaplin ya tsaya a kai, ta 1925 kuwa sai da Kevin Brownlow da David Gill suka sake harhaɗa ta a 1993. Bugun kamfanin Criterion na Amurka na 2012 yana ɗauke da duka biyun, ta farkon tana kai minti 88. A ra'ayina ta 1925 ce fim ɗin, domin wurin dafa takalmi a ci da rawar burodi a kan cokula ba sa bukatar kowa ya yi musu bayani, murya a kansu kamar mai fassara wa mutum abin da yake gani da idonsa ce. Amma ina son ka mallaki biyun, ka yanke hukunci da kanka. The Kid na 1921 shi ma haka: a farkon shekarun 1970 Chaplin ya cire wurare uku da suka shafi mahaifiyar yaron, ya ɗora sabon kiɗa, kuma wannan sigar ce ake bugawa yau. Bugu mai mutunci zai sa maka wuraren da aka cire a gefe.

Wani dalilin samun siga biyu shi ne a wancan zamani sukan ɗauki fim da kyamara biyu gefe da gefe, ko su haɗa zare na biyu daga wasu ɗaukan, ɗaya na cikin Amurka ɗaya na aikawa waje. A 2013 an ba da labarin wata sigar The Blacksmith na Keaton da wani masanin fim na Ajantina, Fernando Peña, ya gano, da wasu mintuna da babu su a wadda kowa ya sani. Haka a 2015 aka sanar da gano rabi na biyu na The Battle of the Century na 1927, fim ɗin Laurel da Hardy mai shahararren faɗan jifa da kek, a cikin tarin wani mai tarawa da ya rasu. Shekaru da dama gutsure kawai ake da shi. Hats Off na wannan shekarar kuwa har yau ba a gan shi ba. Abin nufi, tsohon bugu yana iya zama na gaskiya a zamaninsa amma sabo ya fi shi cika, don haka ka duba shekarar gyaran. Duk lokacin da na karanta irin waɗannan labarai nakan tuna fina-finan farko na marigayi Rabilu Musa Ibro. In na neme su, abin da nake samu kwafin kwafi ne daga kaset, launi ya zube, murya ta dushe, kuma ina fatan waɗanda ke riƙe da kaset na asali su san abin da ke hannunsu.

Ƙarin abubuwan da ake sa wa a faifai, wasu cika ciki ne, wasu kuwa makaranta ce. Criterion ne suka fara ɗora muryar masani yana sharhi a kan fim, a 1984, a kan King Kong, tun zamanin babban faifan lesa. A fim marar magana sharhin yana da daɗi sosai tunda ba maganar da zai danne. Mafi daraja a wurina su ne ragowar ɗaukan da ba a yi amfani da su ba. Shirin Unknown Chaplin na 1983 da irinsu aka gina shi, kana kallon Chaplin yana gwada wasa ɗaya sau bayan sau, yana sauya wurin tsayuwa, yana sauya ɗan wasa, har abin ya zauna. Haɗuwarsa ta farko da makauniya mai sayar da fure a City Lights sau 342 aka ɗauka. In ka ga wannan, ba za ka sake kallon barkwancin a matsayin shirme ba. A Safety Last! na 1923 kuma, sanin cewa Harold Lloyd ya rasa babban yatsa da manuni na hannun dama tun 1919 yana sauya yadda kake kallonsa yana reto a jikin agogon wani dogon bene.

Kafin ka biya ko kwabo, duba shiyyar faifan, wato yankin duniya da aka kulle shi ya yi aiki a na'urorinsa kawai, domin nan ne mutanenmu suka fi yin asara. A DVD Amurka shiyya ta 1 ce, Turai ta 2, Najeriya da Nijar da mafi yawan Afirka ta 5, kodayake na'urorin DVD da ke kasuwanninmu da yawa suna karanta kowanne. Blu-ray ya fi tsauri. Amurka shiyyar A ce, mu da Turai muna B. Bugun Criterion na Amurka a kulle yake a A, in na'urarka ta B ce ba zai buɗe ba. Hanya mafi sauƙi gare mu ita ce bugun Ingila: BFI suna da gajerun da Chaplin ya yi wa kamfanin Mutual, su goma sha biyu na 1916 da 1917, Curzon Artificial Eye sun fitar da dogayensa, Eureka kuma a jerinsu na Masters of Cinema suna da Keaton, gajeru da dogaye. Sai dai ka tantance wace sigar The Gold Rush ke ciki kafin ka saya. In ranka ya kafe a kan na Amurka, irin su Criterion da Flicker Alley da Kino da Cohen, to ka nemi na'ura mai buɗe kowace shiyya, ka kuma duba wutar da take ɗauka, domin ta Amurka 120 ce, tamu 230. Faifan 4K ba shi da shiyya, amma kada ka matsa wa kanka a kansa: fim ɗin da bai tsira ba sai a ƙaramin zare, 4K ba zai ƙirƙiro masa abin da babu ba. Ga masu magana kamar na Laurel da Hardy, tabbatar akwai rubutun Turanci a ƙasa, domin sautin farkon shekarun 1930 yana da kaushi.

Kalmar "ƙayyadadden adadi" kada ta ɗaga maka hankali. Sau da yawa kwalin da littafin ne kawai ƙayyadaddu, bayan sun ƙare kamfanin ya sake fitar da faifan nan dai a kwali na yau da kullum da rahusa. Wanda zai saya don ya ajiye ya sayar da riba nan gaba, ba na ba shi ƙwarin gwiwa, musamman a yanayinmu, inda zafin bazara ke lanƙwasa roba, danshin damina ke kumbura kwali, ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Ajiye su a tsaye kamar littattafai, cikin kabad mai ƙofa, nesa da taga, ka riƙe faifai ta gefensa, in za ka goge kuma daga tsakiya zuwa baki da ƙyalle mai laushi.

In da ni ne kai, Malam, kuma kuɗin kwali ɗaya ke hannuna, gajerun Mutual ɗin nan zan fara saye. Kowanne bai wuce minti ashirin da wani abu ba, a nan Chaplin ya ƙware, kuma su ne suka fi shan wuya a hannun 'yan kwafi, don haka a nan bambancin zai fi bayyana maka. Ka sa The Immigrant na faifanka na kasuwa ka kalli minti biyar na wurin cin abincin, inda kuɗin ya zube ta hujin aljihu ga ƙaton ma'aikaci yana kai-komo a bayansa, sannan ka sa gyararren ka kalli wurin nan dai. Daga nan sai Keaton na Eureka, sannan The Gold Rush mai siga biyu in ka samu na'urar da za ta buɗe shi.